Kafin a kira mace 'yar feminis, a tambayi abin da take nema

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon arzikin fili a shafinka na wasiƙu, kuma ka yi haƙuri da tsawon abin da zan rubuta. Ni tsohuwar malamar makaranta ce, na koyar da 'yan mata a sakandare a nan Kaduna har na yi ritaya. Ina ɗakin mijina, ina da 'ya'ya maza da mata, ina da jikoki. Na faɗi haka tun farko ne domin a yau duk macen da ta buɗe baki kan haƙƙin mata, abin da ake fara bincika shi ne ko tana da aure.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kiran mace 'yar feminis, wato mai fafutukar haƙƙin mata, ya zama hanyar rufe mata baki a garin nan. Ana jin sa a guntayen wa'azin da ake yankowa a watsa ta WhatsApp, ana jin sa a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, ya cika Facebook da TikTok, har a wasiƙun da wasu 'yan uwa maza ke aiko wa jaridar nan na karanta shi. Da zarar an liƙa wa mace sunan, shi ke nan, ba a sake sauraron abin da ta zo da shi. An riga an yanke cewa ta tsani maza, ta raina aure, kuma Turawa ne suka ɗauki nauyinta don ta lalata tarbiyya. Ni kuwa abin da idona ke gani daban ne. Yawancin matan da ake jifa da wannan suna a unguwanninmu ba su taɓa buɗe littafin wata Baturiya ba. Haƙƙin da Allah Ya ba su suke nema, kuma sau da yawa wanda ya danne haƙƙin ne ke rigan kowa kiran su da sunan.

Wata yarinya da na koyar tana aure a Rigasa. Mijinta ya sake ta ta saƙon waya da daddare, tana da goyo, ga kuma ɗanta ɗan shekara huɗu. Kafin hantsi uwar miji ta sa an cusa mata kayanta a jakar gana-mas-go, aka riƙe babban yaron, aka ce ta tafi da na goye, in ta yaye shi ta kawo. Mahaifinta tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun da aka rufe kamfaninsu yake jiran kuɗin sallama, ɗaki biyu gare shi da ƙannenta cike. Ya ce mata ta yi haƙuri, domin abin da yake da shi ke nan. Da ta zo wurina na raka ta kotun shari'a. Malam Edita, da ma ka ga barandar kotun nan da safe. Mata sun cika benci tun kafin ma'aikata su iso, kowace da yaro a baya da takarda a naɗe cikin leda. Akwai kuɗin buɗe fayil, akwai kuɗin sammaci, akwai na man babur ɗin mai kai sammacin, ga kuɗin Keke zuwa da dawowa duk ranar da aka ɗage zama, kuma an ɗage ba sau ɗaya ba saboda mijin ya ƙi zuwa. Ranar da ya zo, alƙali bai ɓata lokaci ba. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, muddin uwar ba ta sake aure ba, ci da sutura da magani kuma suna wuyan uba. Ya tunatar da shi ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ da ta hana fitar da mace daga ɗakinta tana cikin idda. Ya ba ta ɗanta, ya yanka wa mijin kuɗin da zai riƙa bayarwa duk wata.

Muna fitowa ƙanin mijin ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Hajiya, ke ce kike koya mata feminis ɗin nan ko? Ku ne masu kashe wa mutane aure." Na ce masa, "Ɗana, yayanka ne ya kashe auren nan da hannunsa. Abin da alƙali ya karanta kuwa yana nan cikin Risala, wadda ake biyawa a zaurukan garin nan kullum." Yaron nan ba jahili ba ne, ya yi Islamiyya. Ya dai koyi cewa akwai kalmar da in ka jefa, ba sai ka kawo hujja ba.

Shafa wa mace kashin kaji don ta yi shiru ba yau aka fara ba. Mu da muka taso a ƙasar Zazzau mun san tarihin Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, ta shiga NEPU da ƙuruciyarta har ta jagoranci matan jam'iyyar. Kiran da take yi bai wuce a bar mata su yi zaɓe, a sa 'yan mata a makaranta, a daina yi wa yara auren dole ba. Masu rubuta tarihinta sun ce an ɗaure ta sau 16, ban da duka da cin mutunci, matan da suka bi ta kuwa karuwai ake ce musu. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa suna gida. Sai a 1976 aka ba su dama, suka shiga babban zaɓe na farko a 1979. Yau babban asibitin da ke Ƙofan Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi, kuma babu ɗan siyasar da zai ci zaɓe a jihar nan in layin mata bai yi da shi ba. Masu zuwa ƙofar gidajenmu da atamfa da sabulu lokacin kamfen, gajiyar wahalar wannan baiwar Allah suke ci. Ba mata kaɗai suka sha wannan suka ba. A 1956 Malam Isa Wali, ɗan gidan malamai na Kano, ya rubuta jerin maƙaloli a jaridar Nigerian Citizen kan matsayin mace a Musulunci, yana kafa hujja da aya da hadisi, shi ma bai tsira daga bakin mutane ba.

Na san za a ce ai muna da Nana Asma'u, me za mu yi da wata aƙida ta waje. Na yarda muna da ita, kuma ina alfahari da ita. Amma a ambace ta da aikinta. Kafin rasuwarta a 1864 ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta horar da jajoji, wato malamai mata, masu bin ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci. Mahaifinta, Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albab ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Mutumin da ya ambaci sunanta a majalisa, ya koma gida ya cire 'yarsa daga aji uku na ƙaramar sakandare, bai bi tafarkinta ba.

Shi kuwa ilimin feminis ɗin da ake tsoron nan, na ɗan zauna a gabansa, kuma a Zariya na zauna, ba a Landan ba. Ina ɗaliba a Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da taron da aka yi a can a 1982 ya haifar da ƙungiyar Women in Nigeria, wadda aka fi sani da WIN. Har maza akwai cikin 'yan ƙungiyar. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda kuma tana cikin matan da suka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985 tare da Hajiya Aisha Lemu. Ta riƙe editan New Nigerian a nan Kaduna, kuma Allah Ya karɓi ranta a Mina cikin turmutsitsin aikin Hajjin 2015. Duk mai cewa neman haƙƙin mata ba ya haɗuwa da tsoron Allah, ya dubi rayuwarta, ya dubi inda ta cika.

Abin da na kwaso daga waɗancan zaurukan muhawara shi ne yadda ake yin tambaya. Wa ke yin aikin? Kuɗin yana hannun wa? Wa ke yanke shawara, kuma in abu ya ɓaci wa zai kwana a ciki? WIN ta dage tun wancan lokaci cewa ba a raba matsalar mace da matsalar talauci, domin damuwar matar babban sakatare a Unguwar Rimi daban take da ta mai wankau a Hayin Banki, ko da dukansu mata ne. Sai a 1989 wata lauya baƙar fata a Amurka, Kimberlé Crenshaw, ta yi fice da irin wannan bayani, cewa wariyar jinsi da ta launin fata kan haɗu a kan mutum ɗaya su ninka masa wahala. Mu a nan talauci da nisan ƙauye da rashin karatu ne ke haɗuwa da zaman mace.

Ga inda tambayoyin nan suka yi mini amfani a aji. Shekara da shekaru ina faɗa da iyaye kan talla. Yarinya mai ƙoƙari sai ta riƙa zuwa a makare, tana gyangyaɗi, ƙarshe ta ɓace. Gwamnati da masu wayar da kai suna ta cewa iyaye ba su san darajar ilimi ba. Da na shiga gidajen na zauna da iyayen mata, sai na ga lissafi ne tsantsa. Uwa tana cikin gida, awararta ko ɗanwakenta ba ya isa bakin titi sai ta kan 'yarta. Kuɗin cefanen da maigida ke bari ba ya kai yamma, ribar talla ce ke cike giɓin. Sannan ga babban nauyin da al'ada ta ɗora mata: gado da katifa da kujeru da kwanuka da labule da gara, duk ranar da aka tashi aurar da yarinyar. In kayan ɗaki suka gaza, gorin dangin miji da na kishiya a kan 'yarta zai ƙare har tsufanta. Ashe yarinyar da ke yawo da faranti a tashar Kawo kayan ɗakinta take saye da ƙafarta. Uwar nan ba wa'azin muhimmancin boko take buƙata ba. Tana buƙatar jarin da zai sa ta sayar da sari daga gida, da maigidan da zai riƙe cefanensa, da al'ummar da za ta rage wa kanta gasar kayan ɗaki. Wanda bai tambayi inda kuɗi ke shiga da fita a cikin gida ba, ba zai taɓa ganin wannan ba. To, wannan shi ne irin nazarin da ake ce wa mutane kafirci ne.

Kuma masu wannan nazari ba bakinsu ɗaya ba, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Matan Afirka sun daɗe suna ja da na Turai a kai. Farfesa Molara Ogundipe-Leslie ta ce gyaran al'ummar Afirka ake nema tare da mata a ciki, ba yaƙi da maza ba. Farfesa Obioma Nnaemeka ta gina nata bayanin kan sulhu da ba-ni-in-ba-ka, yadda iyayenmu mata suka saba cimma buƙatunsu. A cikin abin da ake rubutawa a Turai da Amurka akwai wanda na karanta na ajiye, ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba: masu ganin aure kansa kurkuku ne, masu ganin haihuwa tauye mace ce, da masu cewa sai ka karɓi auren jinsi kafin ka isa ka yi maganar haƙƙin mata. Ina da addini, shi ne ma'aunina. Amma ƙin waɗannan bai sa na rufe ido ga matar da ke naƙuda tun dare ana jiran maigida ya dawo ya ba da izinin zuwa asibiti ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma duk ungozomar da ka tambaya a nan za ta gaya maka jinkirin fitowa daga gida na cikin manyan dalilai.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu fafutukar su ma suna da hannu a baƙin jinin da suka yi, kuma zan faɗa musu domin ni tasu ce. An taɓa gayyata ta wani taron bita kan cin zarafin mata a wani babban otal a cikin gari. Ɗaki mai sanyi, ruwan roba a kan kowane tebur, an rubuta komai da Turanci a jikin allo, wadda ta zo daga Abuja tana ta zuba da Turanci. An kawo mata biyu daga wani ƙauye a matsayin waɗanda abin ya shafa, aka zaunar da su a baya, babu mai yi musu tafinta. Da aka tashi aka jera su a gaba aka ɗauki hoto, aka sa hannu a takardar kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Na bi ɗaya daga cikinsu na tambaye ta abin da ya kawo ta. Ta ce an ce mata za a taimaka mata ta karɓo gonar marayunta daga hannun ƙanin mijinta. Ta koma gida babu wanda ya ji wannan magana sai ni. Irin wannan aiki, da ake tsara shi don rahoton da za a aika wa mai ba da tallafi, shi ke sa talaka ya ce neman kuɗi ne kawai, kuma ba zan ce ya yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Akwai kuma fafutukar matan manya. Farfesa Amina Mama, wadda a garin nan na Kaduna ta taso, ta yi rubutu tun a shekarun 1990 kan yadda matan shugabanni ke mamaye maganar mata da ƙarfin kujerar mazajensu, tun daga shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987. Ana raba keken ɗinki a gaban kyamara, mulki na ƙarewa shirin ya bi shi. Sannan ga 'yan matanmu na intanet. Wasunsu suna aiki na gaske, suna tara wa marasa lafiya kuɗi, suna nema wa waɗanda aka zalunta lauya. Wasu kuwa sun gano cewa zagin maza gaba ɗaya shi ke kawo mabiya. 'Ya'yana, duk ranar da ɗayarku ta rubuta cewa maza duk azzalumai ne, hoton rubutun nan za a ɗauka a nuna wa mahaifin wata yarinya a Igabi a ce ga abin da boko ke koyarwa, ita ce za ta biya bashin maganar da ba ita ta yi ba.

Dubi abin da ya faru da ƙudurin daidaita dama tsakanin jinsi da Sanata Biodun Olujimi ta kai Majalisar Dattawa, aka yi watsi da shi a watan Maris na 2016. Akwai abubuwa masu kyau a ciki, kamar kare matan da mazansu suka mutu daga wulaƙanci da buɗe wa mata ƙofar ilimi da aiki. Amma an haɗa da batun daidaita rabon gado, abin da Musulmi ba zai karɓa ba domin nassi ne, har Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya fito ya nuna rashin amincewa. Masu ƙudurin ba su zauna da malamai tun farko ba, masu adawa kuma ba su ce a cire wannan a bar saura ba. Aka tashi babu ko ɗaya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ana can ana jayayya kan daidai da rabi, alhali rabin da Alƙur'ani ya yanka wa mace ma ba ya isowa hannunta. Gona tana hannun yaya, wai yana juya wa kowa. Gidan gado ya shekara ashirin ba a raba ba, maza na ciki da iyalansu, mata an ce ai suna gidan miji. Tumunin matar mamaci sai a ce ta bar wa 'ya'yanta. Wadda ta daure ta tambaya, a ce ta tona asirin gida, ta raba zumunci, yanzu kuma an samu sabon suna da za a ƙara mata. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce mata suna da rabo daga abin da iyaye da dangi suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Da masu fafutuka sun fara daga nan, wane malami ne zai tsaya a gabansu? A Maris na 2022 ma Majalisar Tarayya ta ƙi ƙudurori biyar na mata a gyaran tsarin mulki, sannan mata huɗu ne suka samu shiga cikin sanatoci 109 bayan zaɓen 2023. Hanyar da ake bi ba ta kai mu ko'ina ba.

Hanyar da ta taɓa kai wa ga nasara kuwa mun gan ta. Lokacin da wata kotu a jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa kan zargin zina a 2002, duniya ta ɗauka, takardun koke suka riƙa kwarara daga ƙasashen waje, wasu cike da kurakurai da zagin Musulunci. Ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB, ta bakin Dakta Ayesha Imam, ita ce ta fito a 2003 ta roƙi masu aiko da takardun su dakata, domin suna ƙara tunzura mutane, suna jefa matar da lauyoyinta cikin haɗari. Wata ƙungiyar kare haƙƙin mata, WRAPA, da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka tsaya a gaban alƙalai da littattafan fiƙihu. Suka kawo maganar kwantaccen ciki da Malikiyya ta yarda da shi, da haƙƙin janye iƙirari, da kurakuran da ƙaramar kotu ta yi. A watan Satumba na 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, kamar yadda ta Sakkwato ta sallami Safiya Husaini a 2002. Matan da suka tsaya a wannan aiki, da yawansu ba sa ɓoye cewa su 'yan feminis ne. Shari'a suka yi wa hidima, suka hana a zubar da jini a kan kuskure da sunanta.

Haka nake kallon abin da ya taso a Fabrairun 2019, lokacin da 'yan matan Arewa suka fara ba da labarin fyaɗe da cin zarafin da aka yi musu a ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo, har 'yan sanda suka kama Maryam Awaisu a nan Kaduna kafin a sake ta. Ban goyi bayan a kama sunan mutum a watsa babu hujja ba, ƙazafi babban zunubi ne, kuma wanda aka ɓata ba ya wankuwa. Amma kafin mu zarge su, mu tambayi kanmu abin da ya kai su intanet. Na koyar da yaran da aka lalata a cikin gidajensu, wani kawu, wani maƙwabci, wani malamin darasi. Kusan kullum maganar a zaure take ƙarewa, a ce a rufa asiri don kada ta rasa miji, shi kuwa ya ci gaba da shiga sahun gaba a masallaci. Yarinyar da gida ya ce ta yi shiru, unguwa ta ce ta yi shiru, ina ake so ta kai kukanta?

Matsin lambar irin waɗannan mata na cikin abin da ya sa jihar nan ta samu dokar hana cin zarafi a 2018, aka kuma tsananta hukuncin masu fyaɗe a Satumban 2020. Akwai cibiyoyin Salama da ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, ciki har da wadda ke asibitin Gwamna Awan a Kakuri da ta asibitin Gambo Sawaba a Zariya. Iyaye nawa ne a Rigasa ko Mando suka san da su? Nawa ne suka san cewa maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma wanke yarinya da kayanta kafin likita ya gan ta yana goge shaidar da kotu za ta nema? Doka tana takarda da Turanci, masu buƙatarta suna cikin lungu da Hausa, waɗanda ya kamata su haɗa su kuma suna can suna jifan juna da sunaye.

Ina roƙon malamanmu, waɗanda nake girmamawa kuma a gabansu na yi karatu, su ba haƙƙin mata a kan maza lokaci a mumbari daidai da wanda suke ba haƙƙin maza a kan mata. Mun haddace hadisan biyayya tun muna yara. Muna so 'ya'yanmu maza su ji labarin Khansa'u bint Khizam, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren da mahaifinta ya ɗaura mata ba da sonta ba. Su ji na Khaula, wadda ta kai ƙarar mijinta har Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Majalisar dokokin jiha kuma ta duba yadda za a wajabta rubuta saki a gaban hukuma, a yanka ciyarwar yara tun a lokacin, a kuma samar da hanyar karɓo kuɗin daga albashi ko sana'ar uban da ya ƙi biya, domin takardar hukunci ba ta sayen madara.

Kai kuma, Malam Edita, ina da buƙata a wurinka. Ka buɗe fili a jaridar nan duk mako, ka haɗa malamin fiƙihu da lauya mace, su riƙa amsa tambayoyin mata da Hausa kan saki da riƙon yara da gado da fyaɗe, tare da faɗin ofishin da za a je da abin da za a kashe. Mu da ke karantarwa a Islamiyyun matan aure za mu riƙa karanta wa waɗanda ba su iya karatun boko ba. Ga tambayata ta farko, a madadin wata ɗalibata da ke Tudun Wada: macen da yayyenta maza suka riƙe gidan mahaifinsu shekara da shekaru ba a raba ba, suna karɓar kuɗin haya su kaɗai, wace kotu za ta fara zuwa, wace shaida za ta riƙe, kuma tana da haƙƙin neman kasonta na hayar shekarun da suka wuce?

Wassalam.

Malamar makaranta mai ritaya,
Unguwar Sanusi, Kaduna.